Ƙasa kan yi gargaɗi kafin ta zaftare

A daren 8 ga Oktoban 2023, bayan an shafe sa'o'i ana tafka ruwa a Yaounde da ke Kamaru, bangon wani tafki da ke saman unguwar Mbankolo ya ɓalle. Ruwa da taɓo suka gangaro kan gidaje, mutum kusan 30 suka rasu. Mbankolo da unguwar Briqueterie ƙaramar hukuma ɗaya suke, wato Yaounde ta biyu. Kafin nan, a Nuwamban 2022, ƙasa ta rufta wa masu zaman makoki a unguwar Damas, haka kuma a Oktoban 2019 ta binne sama da mutum 40 a Gouache da ke Bafoussam.

Duk a Oktoba ko Nuwamba abin ya faru, kuma akwai dalili. Jar ƙasar Yaounde a kan dutse take zaune. Tun daga Satumba take shan ruwa, tana ƙara nauyi, ruwan yana taruwa a inda ƙasa ta haɗu da dutse har wurin ya yi santsi. Ruwan da ya kawo ta ƙasa sau da yawa ƙarashe kawai ya yi. Na makonnin baya ne ya yi ainihin ɓarnar. Saboda haka idan hadari ya haɗu, kada a tsaya ga duban sama, a tuna kwana nawa aka yi ana ruwa.

A tsaunukan Alps na Turai, inda dusar ƙanƙara ke zaftarowa kan mutane, ana fitar da hasashen haɗari kullum a lokacin sanyi, mataki 1 zuwa 5. Mu a nan, a ganina, idon mai gida da na maƙwabci su ne hasashen farko.

Me za a duba? Tsaga a ƙasa ta saman gida, musamman wadda ke ƙara buɗewa. Ƙofar da jiya take rufuwa lafiya, yau ta cije. Katangar da ta yi ciki, ko falwaya da bishiyar da suka karkata. Mafi muni shi ne ruwa ya fara tsattsafowa a gindin gangare inda da babu, ko ruwan ƙorama ya rikiɗe ya zama jajir da laka. In an ji ƙara kamar gugar duwatsu, lokacin tattara kaya ya wuce, a fita kawai, a yi gefe, kada a gudu ta inda taɓon zai gangara.

A Briqueterie gidaje a cushe suke, suna gangarawa zuwa kwarin Ekozoa, ruwan rufin wani a gindin bangon wani yake zuba. Mai yanke gindin tudu don ya ƙara ɗakin haya, da mai cusa shara a kwata, kowannensu yana haƙa wa na kusa da shi rami ne. Tsohon ginin ƙasa da ya sha ruwa ba ya buƙatar babban tsauni kafin ya faɗi, kuma yakan faɗi cikin dare, mutane na barci.

Malamai da masu unguwa, a riƙa tunatar da jama'a tun watan Agusta a yashe kwatoci. Wanda ya ga tsaga ya kwashe iyalinsa su kwana gidan dangi, ya sanar da maƙwabta. Lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru ita ce 118.