"Mun Yafe": Inda Haƙƙin Wanda Ya Karye a Haɗarin Babur Ke Salwanta

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka fara tsare ababen hawa suna neman takardar inshora, bisa umarnin Sufeto Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, nake kasa kunne ko za a ce ga wani ɗan acaɓa a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi da wannan inshora ta biya shi kuɗin ƙafarsa. Labarin kame da tara ya cika gari, na biyan diyya kuwa shiru kake ji. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce mutum 5,421 suka rasu a kan titunan Najeriya a 2024, sama da 5,081 na 2023, kuma wannan lissafin haɗurran da aka kai rahoto ne kawai. Wanda ya faɗi a hanyar gona bayan Paki, aka goya shi a wani babur zuwa gidan mai ɗori, babu littafin da sunansa ya shiga.

An saba ɗora laifin a kan rashin doka ko tsadar lauya. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Haƙƙin mai rauni a yankinmu yakan mutu ne cikin kwana uku na farko, a zauren mai unguwa ko a gefen gadon jinya, lokacin da aka kewaye ubansa har ya ce ya yafe, alhali babu wanda ya san girman abin da aka yafe ɗin.

Na ga haka da idona a ranin da ya wuce. Ɗan ƙanwata ya ɗauko kwando biyu na tumatir daga fadama, wata a-kori-kura maƙare da rake ta kwashe shi a kwana, ƙashin cinya ya karye. Washegari da hantsi sai ga dangin direba da wani dattijo, da ledar lemo da ƙullin goro. Dattijon ya zauna a tabarma ya dafa gwiwar uban yaron.

"Malam, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Yaron nan da ya buge shi ko barci bai yi ba. A dubi girman Allah."

"Ba komai, Baba. Ai mun zama ɗaya. Allah ya kiyaye gaba, mun yafe."

Aka ajiye kuɗin sannu, aka yi alkawarin gyara babur, kafin la'asar an je caji ofis an ce an sasanta a gida, aka saki mota. Bayan wata biyu ɗori ya ƙi kamawa. Da aka dangana da asibitin Shika aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce sai an sa ƙarfe. Akuyoyin uwar yaron suka tafi, gonar gado ta shiga jingina. Lambar direban kuwa tun tuni ta daina shiga.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da sunan addini ake yin wannan gaggawar, alhali addinin ba haka ya tsara ba. Risala, wadda kusan kowane zauren karatu a ƙasar Zazzau ke biyawa, ta ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta idan ta taka wani, kuma kan wannan malamai ke auna direban mota da na babur. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato kimanin kilo huɗu da kwata. Ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya ko ido ɗaya idan ya salwanta rabin wannan ne, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Littafin ya kuma nuna cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, domin sai a lokacin ake sanin ko mutum zai miƙe garau ko zai ƙare da ɗingishi. Mu kuwa mun juya abin, muna yanke hukunci tun jini bai bushe ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i da ta yi maganar kisan kuskure ta fara tabbatar da diyya ga iyalan mamaci, sannan ta buɗe musu ƙofar yafewa a matsayin sadaka. Sadaka kuwa mai abu ke yin ta, da saninsa da yardarsa. Idan mamaci ya bar marayu, baffansu ba shi da ikon kyautar da rabonsu don kawai yana jin nauyin dattawan gari.

Masu matsa wa mutane su yafe ba mugaye ba ne, sun dai san direba ba shi da abin biya. Shari'a ma ta san haka, shi ya sa ta ɗora diyyar kuskure, in ta kai sulusi, a kan aƙila, wato dangin mai laifi na wajen uba, su tara su biya cikin shekara uku. Wannan tsari ya watse. Babu wanda zai bi 'yan uwansa gida-gida yau yana karɓar gudummawar diyya. Abin da ya kamata ya maye gurbinsa shi ne inshora, kuma doka ta wajabta ta a kan kowane abin hawa tun zamanin Turawa. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta yanke kuɗinta: naira 15,000 a shekara ga ƙaramar mota, 100,000 ga babbar mota, 5,000 ga A Daidaita Sahu, 3,000 ga babur. A 2025, na babur ɗin kuɗin man lita uku zuwa huɗu ne. Amfaninta shi ne idan ka buge wani, kamfanin ne zai biya shi. Ke nan da motar raken nan tana da inshora ta gaskiya, kuma an bar takardun 'yan sanda sun tsaya, da ba gonar gado ce ta biya kuɗin ƙarfen ba.

Sai dai yawancinmu mun ɗauki inshora a matsayin takardar nuna wa jami'i a shinge. Masu shekaru za su tuna Janairun 2009, da aka tilasta sa hular kwano, yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya a ka suka fito aiki. Takardar da ɗan kamasho ke haɗo maka a cikin takardun mota, wadda babu kamfanin da ya san da ita, ita ma ƙwaryar ce. Ana iya danna *565*11# a waya a tabbatar ko inshorar abin hawa na cikin rumbun bayanan kamfanonin, amma mutum nawa ne a tashar Ikara suka taɓa ji? Wanda ke ƙyamar inshora saboda shubuhar riba ma ba shi da sauran uzuri, tunda akwai kamfanonin takaful irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful.

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da babura ke ƙaruwa. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Kaduna ta yi tata dokar a 2014 ga manyan biranenta, sana'ar ta ƙara karkatowa garuruwa irin namu. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sauke mutane da yawa daga mota zuwa babur. A ranar kasuwa za ka ga babur Boxer ɗaya da mutum huɗu da buhun masara, tana goga kafaɗa da tirela a Tashar Yari.

Batun lauya gaskiya ne amma ya zo daga baya. Hukumar agajin shari'a ta ƙasa tana nan tun 1976, kuma dokarta ta 2011 ta sa neman diyyar haɗari cikin ƙarar da take tsaya wa wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Ofishinta na jiha yana Kaduna, lauyoyi kuma sun taru a can da Zariya, mai karaya a cinya ba zai yi wannan zirga-zirgar ba. Kotunan shari'ar Musulunci da aka kafa tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, sun fi kusa. Amma lauya ko alƙali, da me zai yi aiki? Babu rahoton 'yan sanda, babu lambar mota, mai ɗori ba ya ba da rasit, shaidu sun ji kunyar dattijo. Idan kuma motar gwamnati ce, doka ta ba da wata uku kacal a kai ƙarar jami'in gwamnati, wanda sau da yawa yakan ƙare mai rauni na kwance.

Masu kare sulhun gida suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Sun ce shari'a mace ce da ciki, ana iya shekaru ana ɗage zama a tashi a tutar babu, gara ɗan abin da ya shiga hannu yau. Sun ce wanda ya buge ka sau da yawa maƙwabcinka ne, tare za ku yi sahu gobe, kuma kulle talaka ba ya haɗa ƙashi. Sun ƙara da cewa ɗan acaɓan ma wani lokaci shi ne da ganganci, ba lasisi, ba hula, ba fitila. Duk na yarda. Amma ba sulhu nake ƙi ba, lokacinsa da yadda ake yin sa nake ƙi. Sulhun da aka ƙulla kafin likita ya yi magana, ba rubutu, ba wa'adi, kullum ɓangare ɗaya yake cuta, kuma shi ne wanda ke kwance.

Sakamakon a bayyane yake. Da yake iyali sun san daga aljihunsu komai zai fito, sai su zaɓi ɗorin gida ko da karayar ta fasa fata, a ƙarshe a isa Asibitin Ƙashi na Dala da ƙafar da ta riga ta ruɓe. Mai babur da ya ba da shi haya yana jiran balas ɗinsa. Yara su bar makaranta, matar gida ta shiga bashi. Direban da ya ga goro da ban-haƙuri sun fitar da shi, babu abin da zai sa ya gyara birki ko ya sayi inshorar gaske. Kamfanonin inshora kuwa suna karɓar kuɗin waɗanda suka biya, ba mai zuwa neman komai. A Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, amma doka ko ta fi haka kyau, ba ta bin mutumin da ya janye maganarsa da bakinsa.

Don haka gyaran daga zaure zai fara. Hakimai da dagatai da limaman Ikara, Makarfi da Kudan za su iya tsayar da ƙa'ida ɗaya: ba a rufe sulhun rauni sai an ga hoton ƙashi da takardar likita, mai laifi ya ɗauki jinya a rubuce, maganar yafiya kuma a jinkirta ta sai an warke. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa, da ke karɓar kuɗin tikiti kullum, su yi wa 'ya'yansu inshora ko takaful a dunƙule, su kuma koya musu ɗaukar hoton lambar mota da waya kafin a janye ta. Ɗaliban lauya na jami'a da ke Kongo da reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya za su iya zama a sakatariyar ƙaramar hukuma ko sau ɗaya a wata.

Ɗan ƙanwata yana takawa yanzu, da sanda. Kwanaki na tambaye shi ko da gaske ya yafe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ni ai ba a tambaye ni ba."