Kifin Tafkin Piramid da Rigimar Ruwan Kogi

Ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara ake buɗe kakar kamun kifi a Tafkin Piramid, cikin hamadar jihar Nevada ta Amurka, a ƙasar ƙabilar Paiute. Zafi na janyewa, manyan kifayen tarawut irin na Lahontan, masu jan zane a ƙarƙashin muƙamuƙi, sai su baro zurfi su biyo ƙananan kifaye zuwa gaɓa. Nan za ka ga masu fatsa sun shiga ruwa iya ƙugu, kowa ya kafa tsani ya hau, yana wurga zare da ƙugiyar da aka naɗe da gashin tsuntsu don ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Duk wanda ya ga girman abin da ake fitarwa zai ce tafkin ya warke. A ganina da sauran rina a kaba, domin lafiyar wannan kifi tana hannun kogin da ke shayar da tafkin.

Tafkin ba shi da mafita. Kogin Truckee ne ke kawo masa ruwa daga Tafkin Tahoe, rana kuma tana ƙafar da shi, shi ya sa yake da ɗan gishiri. Kifin ba ya zuba ƙwai a tafki, sai ya haura kogi ya sami tsakuwa da ruwa mai gudu. A 1905 gwamnati ta gina madatsar Derby ta karkatar da ruwa zuwa gonakin yankin Fallon. Kafin 1967 tafkin ya ja baya da kusan mita 24, bakin kogin ya cike da yashi, hanyar haihuwa ta toshe. Tafkin da aka kama kifi mai nauyin kilo 18 da ɗoriya a 1925 ya wayi gari a farkon shekarun 1940 babu wannan iri ko ɗaya. Sai a shekarun 1970 aka tarar da ragowarsa a wani ɗan rafi da ke dutsen Pilot Peak, a iyakar Utah, inda aka taɓa zuba shi tun da can. Binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da asalinsa, aka fara mayar da shi tafkin a 2006.

Wani zai ce: kifin da hukuma ta sa cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu, ina dalilin barin mutane su yi wasa da shi? Tambayar tana da tushe, amma fatsa ba ita ta kashe shi ba. Ƙabilar Paiute ce ke sayar da takardar izini, ta hana amfani da abincin ƙugiya na gaske, ta wajabta ƙugiya marar ƙaya, ta kuma rufe kamu a tsakiyar zafi. Kuɗin da ke shigowa ya ba mutanen wurin ƙarin dalilin tsaron tafkin.

Ƙorafin manoman Fallon ya fi nauyi, don su ma da wannan ruwa aka yi musu alkawari. Sai dai an yi alkawarin ne ba tare da an tambayi masu tafkin ba, kuma dokar sasanta rigimar ruwan da aka kafa a 1990 ta nuna ana iya raba ruwan ba tare da gonaki sun mutu ba. An ga kifin ya sake zuba ƙwai a ƙasan kogin a 2014, amma har yanzu mafi yawan wanda masu tsani ke kamawa daga gidan ƙyanƙyasa ya fito. Muddin haka ne, ba a ce kifin ya koma gida ba, ana dai riƙe da shi ne da kuɗin hukuma.