A Tsince Burtuntuna Kafin A Shiga Sussuka

Manoman dawa na Wurno da Rabah da Goronyo, kada ku ɗaure dami ɗaya bana sai kun duba zangarniya. Duk wadda kuka ga 'ya'yanta sun kumbura sun yi tsawo, sun koma ruwan toka, ku murza ɗaya da yatsa. In baƙin gari ya fito kamar gawayi, burtuntuna ce.

A arewacin Kanada akwai zomon da gashinsa ke rikiɗa fari fat da sanyi, ya saje da ƙanƙara. Ko shi, sawunsa na tona shi, kuma cikinsa kawai yake cikawa. Burtuntuna ta fi shi iya ɓuya nesa ba kusa ba. Ƙwayar cuta ce dangin funfuna, garinta na manne a jikin iri. Ranar da iri ya tsiro take tsirowa, ta shige cikin tsiron, ta bi kara tana hawa duk tsawon damina. Ganye kore shar, manomi na murna. Sai dawa ta fid da kai sannan a ga ɓarna, alhali taki da noma sun riga sun tafi.

A masussuka take yaɗuwa. Sanda na sauka, kumburin ya fashe, garin ya bi tsaba mai lafiya, kuma yana iya shekaru a rumbu bai mutu ba. Daga nan mudu guda ya isa kasuwar Achida ko Gandi, wani bawan Allah ya saya ya shuka baɗi. Abin da ya fi damuna ke nan, domin wanda ya sayar bai san ya cuci kowa ba.

Ku yanke masu cutar tun a gona, ku zuba a buhu a hankali, ku ƙone. Kada a jefa wa bisashe a bakin masussuka. Irin baɗi a zaɓe shi daga gona mai tsabta, a sussuke shi daban. Kafin shuka a cuɗanya shi da maganin iri kamar Apron Star, gwargwadon abin da ke rubuce a fakiti ko yadda malamin gona ya nuna. Irin da aka sa wa magani guba ne: ba a ci, ba a ba kaji, a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa.

Masu unguwanni da limamai, don Allah a sanar ranar Juma'ar nan, tun ba a fara kai dami gida ba.