Baƙin Masu Nazarin Al'ada a Ƙasar Hausa: Dalilai da Sakamako

Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ɗaliban nazarin al'adun ɗan Adam ke barin ƙasashensu su zo su zauna cikin Hausawa. Joseph Greenberg na Amurka yana ɗalibi ya iso ƙasar Kano a 1938, ya yi bincike kan Maguzawa, waɗanda har yau akwai zuriyarsu a karkarar Rano da Kibiya. Abu biyu ke kawo irin waɗannan baƙi. Ƙa'idar fannin ce ɗalibi ya zauna da mutane, ya ci tuwonsu, ya ji harshensu kafin ya rubuta komai. Gwamnatin Ingila kuma a wancan lokacin na son sanin talakawan da take mulka, ita ta ɗauki nauyin binciken M. G. Smith a lardin Zazzau daga 1949 zuwa 1950.

Babbar ribar ta fito ne daga cikin gida, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Matar M. G. Smith, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta da ya fito a 1954. A ciki ake jin mace da bakinta tana bayanin lallen amarya, ƙawance da wankan jego. Daga baya Rebecca Popenoe ta zauna da Larabawan Azawak a Nijar, inda ake yi wa yarinya ɗura da madara da gero tun tana famfara, don a wurinsu ƙiba ce kyau da mutunci. Littafinta na 2004 ya nuna ma'aunin kyan jiki ba ɗaya ba ne a duniya.

Illar ita ma ba ƙarama ba ce. Yawancin rubuce-rubucen da Turanci ko Faransanci suke, ba su komawa ga waɗanda aka yi wa tambayoyin. Idon baƙo kuma ya fi tsayawa kan bori da Maguzanci, ya tsallake rayuwar yau da kullum.

Bayan harin Kano na Janairun 2012 da yaɗuwar satar mutane, ƙafar baƙi ta ɗauke sosai, nauyin ya koma kan ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Aikin kuwa na gaggawa ne. A garuruwa irin Rurum Sabon Gari, kusa da madatsar Tiga, tsagar gado da ke nuna asalin mutum ta fi yawa a fuskokin tsofaffi, jikoki da dama ba su da ita, yayin da man bilicin da ƙwayar sha-ka-fashe ke sauya abin da 'yan matan Arewa ke kira kyau.