Tseren sa'a 24: Yadda 'yan kasuwa da ma'aikata ke gogayya da ƙwararrun direbobi

Kowace shekara, a tsakanin Mayu da Yuni, motoci sama da ɗari kan jeru a filin tsere na Nurburgring da ke tsaunukan Eifel a yammacin Jamus. Da zarar an ɗaga tuta ranar Asabar, ana sa ran su yi ta zagaye har irin wannan lokaci ranar Lahadi, kuma wadda ta fi yawan zagaye ita ce zakara.

A sahun gaba akwai motocin Porsche da BMW da Mercedes-AMG da makamantansu, waɗanda kuɗin kowacce kan kai rabin miliyan na Yuro, kuma direbobinsu albashi ake biyan su. A can baya kuwa akwai ƙananan motocin da aka haɗa a garejin gida, masu tuƙa su 'yan kasuwa ne da ma'aikata da makanikai, waɗanda za su koma bakin aikinsu da safiyar Litinin. Hanya ɗaya suke bi, a dare ɗaya, cikin ruwan sama ɗaya.

A wasanni kaɗan ne ake ganin haka. Ba a taɓa jin attajiri ya sayi gurbi a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai ba. Amma a tseren juriya, masu yi don sha'awa su ne ke cika filin, su ne ke biyan kaso mai tsoka na kuɗin, kuma an gina dokokin gasar ne da su a zuciya.

Dalilin da ya sa mutum ɗaya ba ya iyawa

An fara tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa a 1923, domin a gwada ƙarkon motoci. A shekarun farko babu dokar da ta hana direba ya daɗe a kan sitiyari. A 1952 wani Bafaranshe, Pierre Levegh, ya ƙi sauka ya ba abokin tuƙinsa, ya tuƙa motarsa ƙirar Talbot kusan sa'a 23 shi kaɗai. Yana kan gaba, saura kimanin sa'a ɗaya a tashi, injin ya lalace, nasara ta koma hannun Mercedes.

A yau direbobi uku ne ke karɓa-karɓa a mota ɗaya a Le Mans, kuma ba a yarda ɗayansu ya wuce sa'a 14 jimilla ba, ko sa'a huɗu a cikin kowace sa'a shida. A Nurburgring ana barin har mutum huɗu. Wannan rabon kujera shi ne ƙofar da 'yan sha'awa suka shigo ta cikinta: idan mota tana buƙatar direbobi uku, ɗaya zai iya zama wanda ya kawo kuɗin taya da mai da albashin sauran biyun.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta raba direbobi gida huɗu: Filatinam, Zinare, Azurfa da Tagulla. Matakin Tagulla shi ne na waɗanda tuƙi ba sana'arsu ba ce, galibi mutanen da sai bayan sun haura shekara 30 suka karɓi lasisin tsere. A ajin LMGT3, wanda aka ƙaddamar a Le Mans a 2024, dole kowace mota ta ƙunshi direban Tagulla aƙalla ɗaya, kuma ba za ta ɗauki babban ƙwararre fiye da ɗaya ba. Haka kuma ba a yarda a ɓoye ɗan Tagullan a gareji ba, sai ya yi aƙalla sa'a shida a kan hanya.

A nan lissafin yake da ban sha'awa. Tsakanin ƙwararre da ƙwararre, bambancin zagaye ɗaya bai cika kai daƙiƙa guda ba. Tsakanin ɗan Tagulla da takwaransa kuwa yana iya kai daƙiƙa biyu ko uku. Zagaye ɗaya a Le Mans kilomita 13.6 ne, kuma motar wannan aji kan cinye shi cikin kusan minti huɗu, wato zagaye 90 ke nan a sa'a shida. Wanda ke asarar daƙiƙa biyu a kowane zagaye ya zubar da minti uku, abin da da wuya wani gwani ya iya maido shi. Saboda haka ƙungiyoyi ke zawarcin ɗan Tagulla mai sauri kamar yadda ake zawarcin ɗan wasan gaba a ƙwallon ƙafa, kuma duk shekara akan yi ta ƙorafi kan direbobin da ake ganin sun fi ƙarfin matakin da aka sa su.

Ben Keating, dillalin motoci daga jihar Texas ta Amurka, shi ne misalin da aka fi kawowa. A 2019 motarsa ƙirar Ford GT ce ta fara tsallake layi a ajin 'yan sha'awa, amma da aka auna tankinta bayan tseren sai aka tarar ya zarce ƙa'ida da kashi ɗaya cikin goma na lita, aka ƙwace nasarar. Ya dawo ya ci ajin a 2022 da Aston Martin, ya sake ci a 2023 da Corvette. Kafin shi, ɗan fim Paul Newman ya zo na biyu a gasar baki ɗaya a 1979, shi ma Patrick Dempsey ya zo na biyu a ajinsa a 2015. A 2016 kuma Frederic Sausset, ɗan kasuwar Faransa da aka yanke wa hannaye da ƙafafu bayan wata cuta, ya kammala tseren a motar da aka gyara domin shi.

Mutanen da ba a nunawa a talabijin

Sunan direba ake rubutawa a jikin mota, amma rabin tseren a rumfar gyara ake yin sa. Kusan kowace sa'a mota takan shigo shan mai, a canza taya, a goge gilashi, wani lokaci a sauya direba. Idan dare ya yi nisa sai birki ya buƙaci sabuntawa. Kowane daƙiƙa da aka ɓata a tsaye, abokan hamayya suna can suna gudu.

Manyan ƙungiyoyi suna da injiniyoyi da ke zaune gaban kwamfuta suna karanta zafin inji da yawan man da ya rage. A ƙananan ƙungiyoyi kuwa, mai riƙe da tiyon mai zai iya zama ƙanin direba, mai lissafin zagaye matarsa ce, mai dafa abinci maƙwabci. Ba a biyan su, hutun aikinsu suke ɗauka su zo. Sukan isa filin tun farkon mako domin gwaji, sannan ranar tseren su tashi da asuba, ba za su ga makwanci ba sai daren Lahadi bayan an loda kaya. Akan gan su suna gyangyaɗi a kan kujerun roba da hular kwano a kansu, da an yi kira ta rediyo su zabura. A Nurburgring, saboda yawan motoci, ƙungiyoyi da dama kan raba gareji ɗaya, har ya zama wanda ake gogayya da shi a kan hanya shi ne ke ara maka sifana da tsakar dare.

Gajiya ce babbar abokiyar gaba. Noti ɗaya da ba a ɗaure da kyau ba da ƙarfe huɗu na asuba yana iya sa taya ta fice a kwana. Kuma a Le Mans, idan mota ta mutu a kan hanya, direba ne kaɗai aka yarda ya taɓa ta, da kayan aikin da ke cikinta. Makanikai sai dai su tsaya a bayan shinge suna faɗa masa abin da zai yi.

Wanda ya kai wannan al'ada ƙololuwa shi ne Jean Rondeau, haifaffen garin Le Mans. Da ƙaramar tawaga ya ƙera motarsa, ya sa mata sunansa, ya doke Porsche a 1980. Har yau shi kaɗai ne ya ci gasar a motar da ke ɗauke da sunansa.

Su ma masu tsaron hanya, waɗanda ke tsaye a bakin kwana da tutoci da abin kashe gobara dare da rana, mafi yawansu 'yan sa-kai ne.

Inda haɗarin yake

Tsohuwar hanyar arewa ta Nurburgring an buɗe ta ne a 1927. Siririya ce, ta ratsa daji, tana hawa da gangara na kusan mita 300, kuma gasar Formula 1 ta daina amfani da ita bayan mummunan haɗarin Niki Lauda a 1976. A tseren sa'a 24, wanda aka fara a 1970, zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 25. Ana iya tafka ruwa a wani ɓangare alhali wani a bushe yake. A 2024 hazo ya rufe tsaunukan har aka dakatar da tseren, zagaye 50 kacal aka yi, alhali a 2023 wadda ta ci ta yi 162.

Motocin gaba kan kammala zagaye cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, na baya kuwa sukan haura minti goma sha ɗaya. Ma'ana, direban ƙaramar mota yana tuƙi ne ido ɗaya a gaba, ɗaya a madubi, domin kowane lokaci fitila na iya haske shi daga baya. Ɗan kuskure wajen fahimtar ta wane gefe za a wuce shi ya isa. A 2023 wata Dacia Logan, irin motar da ake tasi da ita a biranen Maroko, wadda 'yan kallo suka fi yi wa tafi saboda ƙarfin halinta, ta ragargaje bayan wata Porsche ta buge ta. Masu ita suka koma gareji suka haɗa wata.

A Le Mans ma an ga irin haka. A 2011 motar Audi ta Mike Rockenfeller ta tarwatse da dare yayin da yake ƙoƙarin wuce wata Ferrari da ɗan sha'awa ke tuƙawa. A shekarar da ta biyo baya Anthony Davidson na Toyota ya karye a gadon baya a wani karo makamancin wannan. Bayan kowanne sai muhawara ta taso kan ko ya dace a bar wanda aljihunsa ya ba shi kujera ya shiga tsakanin motocin da ke gudun fiye da kilomita 300 a sa'a.

Ƙorafin yana da tushe, sai dai bai cika adalci ba, domin sau da yawa gaggawar ƙwararren ce ke jawo karon. Hukumomi dai sun zaɓi tsaurara horo maimakon rufe ƙofa. A Jamus, duk mai son tuƙa babbar mota a hanyar arewa sai ya mallaki izini na musamman: ya yi darasi da jarabawa, sannan ya fara da ƙaramar mota. Ba a ɗaga wa kowa ƙafa. A watan Satumban 2025, Max Verstappen, wanda ya ci kambun Formula 1 sau huɗu, sai da ya zauna jarabawar, ya tuƙa wata Porsche Cayman da aka rage wa ƙarfi, kafin a ba shi izinin. Mako biyu bayan haka ya ci tseren sa'a huɗu a filin da motar Ferrari. Akwai kuma dokar da ke tilasta wa kowa saukowa zuwa gudun kilomita 60 a wurin da aka yi haɗari, ana bibiyar masu karya ta da na'urar tauraron ɗan'adam.

Kuɗi, da masu neman hanya mai sauƙi

Abin da ke korar 'yan sha'awa na gaske a yanzu shi ne tsada. A shekarun 2000 motocin da ke tashi a Nurburgring sun haura 200, amma a 2023 kusan 130 ne. Taya da mai da kayan kariya da kuɗin rajista sun yi tashin gwauron zabi, kuma kalmar ɗan sha'awa a Le Mans ta kusa zama wani suna na hamshaƙin attajiri. Makaniken da ke tara kuɗi shekara guda domin tsere ɗaya ba shi da gurbi a can.

Irin waɗannan mutane sun buɗe nasu fagen. A Birtaniya ana tseren sa'a 24 da ƙananan motocin Citroen C1 da tsofaffin 2CV, inda abokai huɗu ko biyar kan haɗa kuɗi su sayi mota ɗaya. A Beljiyam akwai na sa'a 25 a filin Spa. A Amurka kuwa, wani ɗan jarida mai suna Jay Lamm ya ƙirƙiro gasar 24 Hours of Lemons a 2006. Sunan shaguɓe ne ga Le Mans, domin Amurkawa kan kira ruɓaɓɓiyar mota lemon tsami. Dokarta ita ce kada kuɗin motar ya wuce dala 500, ban da birki da taya da kayan kariya, waɗanda ba a yin rangwame a kansu. Direbobin su ne makanikan, su ne masu zuba mai. Alƙalai kan duba kowace mota kafin a fara, kuma wanda aka ga alamar ya kashe fiye da ƙa'ida, akan zabtare masa zagaye ɗaya a kan kowace dala goma da ya ƙara.