Rikicin Shatar Jiragen Shaƙatawa a Tsibiran Virgin: Me Ya Sa Lasisi Ya Kai Dala 24,000?

Daga ranar 1 ga watan Yunin 2025, duk jirgin ruwan shata da ke zaune a wata ƙasa, amma yana son shiga ruwan Tsibiran Virgin na Birtaniya da baƙi masu kwana a ciki ba tare da an ƙidaya masa shiga ba, sai ya ajiye dala 24,000 a shekara. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya biya dala 7,500 a ba shi shiga bakwai, abin da ya ƙaru kuma ya biya daban. Masu kai baƙi yawon wuni su dawo da yamma an yanka musu dala 8,500. Kafin nan 'yan ɗaruruwan daloli ake biya, a ƙarƙashin dokar da aka kafa tun 1992.

Ihun da ya tashi daga tsibirin St. Thomas, a ɓangaren Amurka na Tsibiran Virgin, ya kai har ofishin Gwamna Albert Bryan, wanda ya nemi a ɗora harajin kashi 25 cikin 100 kan kayan maƙwabtan nasa. Ya zauna da Firimiyan ɓangaren Birtaniya Natalio Wheatley fiye da sau ɗaya, aka rage kuɗin masu yawon wuni daga dala 12,500 da aka fara ambata, dokar kuma ta wuce. Masu jirage da dillalansu sun yi ta kiran matakin haɗama. Wannan fassara ta yi sauƙi da yawa. Gwamnatin ɓangaren Birtaniya da ke Road Town ta yi gaggawa, ta kuma yi tsalle mai nisa a lokaci guda, amma ƙorafin da ta kafa hujja da shi gaskiya ne, kuma ya daɗe yana jiran ranar da zai fashe.

Sai an dubi yadda kuɗin shata ke tafiya kafin a gane dalili. Iyali ko abokai shida zuwa goma suke haɗa kuɗi su ɗauki jirgi na mako guda, yawanci katamaran, wato jirgin nan mai gangar jiki biyu da ba ya yawan tangaɗi, da ɗakunan kwana huɗu ko biyar. Yana zuwa da kyaftin da kuku, manya kuma da ƙarin mai hidima. A yankin Karebiyan an saba yanka farashi ɗaya da ya haɗa abinci, abin sha, mai da albashin ma'aikata, saɓanin Bahar Rum inda ake biyan kuɗin jirgi daban, a ajiye kusan kashi 30 cikin 100 a kai don cefane da mai. Kuɗin mako kan kai dubban daloli goma-goma, tukwicin ma'aikata na kashi 15 zuwa 20 cikin 100 kuma yana nan a gefe.

To ina wannan kuɗin yake sauka? Ba a bakin gaɓar da baƙi ke ɗaukar hoto ba. Yana sauka ne a tashar da jirgin yake kwana tsakanin shata da shata. Kwana ɗaya kafin baƙi su iso, kuku na riƙe da takardar da suka cike tun makonni baya, wadda ta faɗi wanda ba ya cin kifi, wanda gyaɗa ke tayar wa ciwo, da yaron da ba ya shan komai sai madara. Da ita zai shiga kanti ya cika kekunan cefane. Kyaftin na can yana shan mai da ruwa, yana biyan kuɗin matsaya, yana neman makanike ya duba janareto. Mai wanki ya kawo zannuwan gado, ɗan tasi ya ɗauko baƙi daga filin jirgin sama, wasunsu ma su kwana a otal dare ɗaya kafin su hau. Duk wannan ciniki na garin da jirgin ya tashi ne. Idan ya tashi daga St. Thomas, abin da ɓangaren Birtaniya zai gani shi ne kyaftin ya sauko a Soper's Hole ko Great Harbour na tsibirin Jost Van Dyke da fasfo takwas a jaka, ya biya kuɗin shiga da na izinin yawo, sai kuɗin ɗaure jirgi a dare da abincin dare ɗaya ko biyu a bakin teku.

Alhali abin da baƙin suka biyo yana ɓangaren Birtaniya. Manyan duwatsun The Baths a Virgin Gorda, kogunan Norman Island, farin yashin Anegada, da mashigin Sir Francis Drake inda tsibirai ke kare jirgi daga manyan igiyoyi, kowane zango kuma bai fi tafiyar awa ɗaya ko biyu ba. Abin ya yi kama da direban da ke lodi a tashar wani gari, ya biya kamasho a can, ya sha mai a can, amma fasinjojinsa duk kasuwar garinku suka zo ci.

Ba yau jiragen suka fara ƙaura tsakanin ɓangarorin biyu ba, kuma kowace ƙaura doka ce ko masifa ta haddasa ta. Charlie Cary da matarsa Ginny sun kafa kamfanin The Moorings a tsibirin Tortola na ɓangaren Birtaniya a 1969 da jirage shida, daga nan sana'ar ta yi jijiya a wurin. A 1993 wata dokar Amurka ta taƙaita jiragen da ba a yi wa cikakken binciken hukuma ba ga fasinja shida, sai jirage masu yawa suka bar St. Thomas suka tsallaka Tortola. A ƙarshen 2014 majalisar dokokin Amurka ta sassauta wa Tsibiran Virgin nata, aka yarda irin waɗannan jirage su ɗauki har mutum 12 idan sun cika wasu ƙa'idojin tsaro, ruwa ya fara komawa inda ya fito. Ranar 6 ga Satumban 2017 guguwar Irma ta faɗa wa Tortola da Virgin Gorda da cikakken ƙarfinta. A Paraquita Bay, wurin da ake ɓoye jirage saboda guguwa, an wayi gari sun hau kan juna, wasu a kife, turakunsu a karye. Kafin a gama farfaɗowa korona ta zo. Ɓangaren Birtaniya ya rufe iyakarsa a watan Maris na 2020, bai buɗe wa baƙi ba sai 1 ga Disamba, da sharuɗɗan killacewa masu tsauri. Ɗan Amurka kuwa ko fasfo ba ya buƙata ya sauka a St. Thomas. Jirage suka bi baƙi, da yawa kuma ba su koma ba bayan an buɗe iyaka, tunda suna iya zama a can su riƙa tsallakowa da kuɗin lasisin da bai taka kara ya karya ba.

A daidai lokacin kasuwar kanta ta kumbura. Shirin talabijin na Below Deck, wanda ya fara a 2013, ya nuna wa miliyoyin masu kallo cewa ana iya hayar jirgi da ma'aikatansa ba sai an mallaka ba. Korona ta ƙara wa masu hali son hutun da ba cuɗanya da kowa. Kamfanonin Lagoon da Fountaine Pajot na Faransa, da masu ƙera Leopard a Cape Town, suka riƙa fitar da manyan katamaran masu na'urar sanyaya ɗaki da injin tace ruwan teku. Jirgin da ke tace ruwansa, yake ɗauke da cefanen mako guda a firji, buƙatarsa ga tsibirin da ya ziyarta kaɗan ce ƙwarai. Wato yayin da jiragen ke ƙaruwa a ruwan Birtaniya, rabon da kowannensu ke bari a ƙasa raguwa yake yi.

Masu jiragen St. Thomas na da tasu magana, kuma ba duka ce ta banza ba. Sun ce baƙinsu na cika gidajen abincin Jost Van Dyke da Anegada, sun ce mafi yawan masu zuwa Tortola ta filin jirgin St. Thomas suke bi, kaya ma haka, kuma an kawo ƙarin ne bayan an riga an sayar da makonnin shata a tsohon farashi, domin a wannan sana'a ana biyan kafin alƙalami wata shida har shekara kafin tafiya. Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi, kuma da an raba ƙarin kan shekara uku da ba a ji ciwo haka ba. Sai dai a yi lissafi: jirgin da ya samu shata 20 a shekara, dala 24,000 ta zama dala 1,200 a kowane mako, dala 150 kan kowane baƙo idan su takwas ne. Wanda ke biyan dubbai don hutun mako ba wannan ne zai hana shi zuwa ba. Waɗanda abin ya buga da gaske su ne ƙananan masu yawon wuni, mutum ɗaya da jirginsa ɗaya, kuma su ne ya kamata a ce an fi tausaya wa.

Sakamakon farko shi ne wanda Road Town ta nema: jirage da dama sun mayar da mazauninsu Tortola, cefane da gyara suka bi su. Jirgin saman American Airlines da ya fara tashi kai tsaye daga Miami zuwa Beef Island da ke ɓangaren Birtaniya a watan Yunin 2023 ya rage dogaro da St. Thomas, ko da yake gajartar titin saukar na taƙaita girman jiragen da ke iya zuwa. Wasu kuma sun zauna a ɓangaren Amurka suna sayar da zagayen St. John da St. Croix, ko su nufi Culebra da Vieques na Puerto Rico.

Ga mai shirin hutu, tambayar farko ga dillali yanzu ta canza. Da ana fara tambayar ɗaki nawa ne, kuku ya iya me. Yanzu sai an tambayi inda jirgin yake zaune, wane lasisi yake riƙe da shi, shiga nawa ta rage masa, kuma ko kuɗin tsallaka iyaka na cikin farashi ko za a kawo shi daga baya. Mai sauka a St. Thomas da zai hau jirgi a Tortola ya saka kusan awa guda ta jirgin fito da layin shige da fice a lissafinsa. Damina ta guguwa na farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, farashi na sauka a lokacin, amma abin da guguwar Beryl ta yi wa tsibiran Carriacou da Union Island ranar 1 ga Yulin 2024 ya isa ya sa kowa ya karanta sharaɗin soke tafiya da takardar inshora da kyau.

Inda gwamnatin Wheatley ke da sauran bashi shi ne abin da za a yi da nasarar. Dawo da jirgi Tortola bai mayar da shi na mutanen Tortola ba. Yawancin masu jiragen baƙi ne da suka zuba jari daga nesa, kyaftin da kuku kuma sau da yawa 'yan Afirka ta Kudu ne, ko Ingila, ko Amurka, masu aiki da takardar izini. Kwalejin H. Lavity Stoutt na horar da matasa aikin teku, kuma nan ne ya dace wani kaso na sabon kuɗin ya tafi, har a kai ga ɗan Virgin Gorda ne ke riƙe da sitiyarin jirgin da ake biya wa dubbai a mako, ba wankin bene kaɗai ba. Wuri na biyu da ya dace kuɗin ya tafi shi ne ƙarƙashin ruwa. Cutar da ke cinye naman murjani ta bayyana kusa da St. Thomas a farkon 2019, ta isa ɓangaren Birtaniya a 2020, kuma kowace ƙugiya da aka jefa kan murjani ko ciyawar teku ƙarin rauni ce. Hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta ɓangaren Birtaniya na da igiyoyin ɗaure jirgi a wurare irin su The Baths da The Indians don a daina jefa ƙugiya, amma a tsakiyar kakar baƙi, daga Kirsimeti zuwa Ista, wanda bai isa da sassafe ba sai ya tarar duk an kama. Ƙara yawansu, da gyara waɗanda suka tsufa, da samar da wuraren zuƙe ƙazantar jirage a tashoshi, aiki ne da majalisar da ta yanka dala 24,000 za ta iya sa wa kasafi a zama ɗaya.