Askin kare a gida: gaskiya da jita-jitar da ke yawo a Suleja

Tun da ma'aikatan Abuja suka cika Suleja, daga Kwamba har Madalla, gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe suka yawaita, karnukan gadi ma suka yawaita tare da su. Karen gida da muka saba da shi gashinsa gajere ne, bai taɓa neman aski a wurin kowa ba. Waɗanda ake sayowa yanzu daban suke: Alsatian ɗan asalin Jamus, Caucasian da ya fito daga duwatsu masu ƙanƙara, Boerboel na Afirka ta Kudu, da ƙaramin nan Lhasa na Tibet mai gashi har ƙasa. Mutum ya kashe kuɗi ya sayi kare, sai ya koyi kula da shi a bakin maƙwabci ko a saƙon WhatsApp. A nan ne gaskiya da ƙarya suke cakuɗewa, kuma dabbar da ba ta da bakin kai ƙara ita ke ɗanɗana kuɗarta.

Maganar da ta fi yawo tana tasowa ne idan zafin Maris da Afrilu ya kankama. Mai gida ya ga karensa ya zaro harshe yana haki, tausayi ya kama shi, sai a ce masa ya yi masa ƙwal-kwabo ya sha iska. Ga Alsatian da Caucasian wannan kuskure ne. Kare ba ya yin gumi ta jiki yadda mutum ke yi. Ta haki yake rage zafi, sai ɗan gumin da ke fita a tafin ƙafarsa. Gashin waɗannan karnuka kuma hawa biyu ne, akwai dogo mai kauri a sama, akwai gajere mai laushi a ƙasa. Na saman aikinsa kamar na jinkar ɗaki ne, yana tare rana kada ta taɓa fata. Idan aka aske shi, rana ta samu fata kai tsaye, ƙuda da sauro ma sun samu hanya. Wani karen gashin yakan ɗauki watanni bai dawo ba, in ya dawo kuma sai ya fito wani wuri da kauri wani wuri fili.

Abin da ke damunsa da gaske shi ne mataccen gashin ƙasa da ya tsinke amma bai zuba ba, ya toshe hanyar iska. Maganinsa taza. A zaunar da shi a inuwa da yamma, a ɗaga gashin da hannu ɗaya har a ga fata, a sa matsefi mai faɗin haƙora a riƙa ja ana bin yadda gashin ya kwanta, daga wuya zuwa gindin wutsiya. Wanda bai taɓa yi ba zai yi mamakin tulin da zai tara a gabansa. Bayan haka inuwa da ruwan sha mai sanyi, kuma kada a ɗaure shi a kan siminti da tsakar rana.

Amma wanda ya ce kare ba ya buƙatar aski sam, shi ma bai faɗi daidai ba. Gashin Lhasa ba ya daina tsawo, in an bar shi sai ya rufe ido ya cukurkuɗe, musamman bayan kunne da hammata da tsakanin cinyoyi. Irin wannan dole a rage masa. A nan akwai wata shawara da ake bayarwa wadda take ƙara dagula lamari: wai a fara yi masa wanka, gashin zai warware. Ruwa ƙara ɗaure ƙullin yake yi. Taza ce farko, wanka daga baya. Idan ƙullin ya manne da fata, a cusa matsefi tsakaninsa da fatar, a yanka ta saman matsefin, domin fatar kare takan biyo gashin idan an ja, almakashi kuma ba ya bambancewa. Mai amfani da injin aski ya riƙa taɓa bakin injin a bayan hannunsa, don yakan yi zafin da zai ƙona fata. Ya kuma ware wa karen injinsa. Makero yana tsallakawa daga dabba zuwa mutum, bai kamata injin da ya bi jikin kare ya hau kan yara ba.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce maganar baƙin mai. Kare ya fara susa, gashi na zuba, fata ta yi ɓawo, sai a je wurin bakanike a ɗebo tsohon man inji a shafe shi da shi, wai yana kashe ƙazwa. Kare dabba ce mai lasar jikinta. Duk gubar da ke cikin man nan cikinsa za ta tafi, bayan ƙunar da za ta yi wa fatar da dama ta raunana. Haka kananzir. Haka fiya-fiya da Sniper da wasu ke zubawa a ruwan wanka don kashe kaska. Sinadarin da ke cikin Sniper yana ratsa fata, ya sa dabba dalalar da miyau, jiki na rawa, numfashi na sarƙewa, kuma mai yin wankan da hannu tsirara bai tsira ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna, amma har yau ana samun mai ba da shawarar a yi wa kare wanka da shi. Ƙazwa tana da magani na gaske a wurin likitan dabbobi, kuma iri-iri ce: akwai mai kama mutanen gida, akwai wadda ba ta kamawa. Sai an kankaro fatar an duba a madubin likita ake tantancewa.

Kaska kuwa, gaskiya ne tana kashe kare. Ba jinin da take sha kaɗai ba ne, tana sa masa ƙwayoyin cuta masu farfasa jini, ka ga dasashinsa ya yi fari fat, ya daina cin abinci. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu, a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba. Tana ɓuya a tsagar bango da ɗakin kare, don haka wanke dabbar kaɗai ba ya raba gida da ita.

Akwai kuma labarin da mutane ke ɗauka ƙari ne alhali gaskiya ne, wato tsutsa na fita daga jikin kare mai rai. Da damina wani ƙuda yakan yi ƙwai a ƙasa mai laima da fitsari ko a tsumman da kare ke kwanciya. Tsutsar ta huda fata ta zauna, wurin ya kumbura da ƙaramin rami a tsakiya. 'Yan kwikwiyo sun fi kamuwa. Idan aka toshe ramin da man basilin, tsutsar takan leƙo neman iska, a matsa gefe da gefe ta fito, a wanke wurin. Mai taje karensa a kai a kai shi ke ganin wannan tun ƙurjin bai yi yawa ba.

Omo da sauran garin sabulun wanki da wasu ke yi wa kare wanka da su, an yi su ne don su cire maiƙo daga tufafi, kuma haka suke cire maiƙon da ke kare fatar dabba, su bar ta a bushe tana ƙaiƙayi, balle da hunturu. Sabulun karnuka ya fi, kuma wanka kowace rana ba tsafta ba ce a wurinsu.

Wasu na gudun taɓa kare saboda najasa. Malaman Malikiyya, mazhabar da ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, Shafi'iyya kuma sun ɗauke shi haka. Mai shakka ya tambayi malaminsa. Ta fuskar lafiya dai, wanke hannu da sabulu bayan taza wajibi ne a kan kowa.

Wanda ke koyon aski yana kusa da baki da haƙori, don haka kafin ya sayi almakashi ya fara tabbatar an yi wa karen allurar rigakafin ciwon haukan kare. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin allurar a ƙasar nan. Cutar a miyau take, ta cizo ko lasar rauni take shiga, ba ta gashi ba. Masu cewa a ƙona gashin karen da ya yi cizo a shafa tokar a miki, lokaci kawai suke ɓata wa wanda aka ciza. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu wanda yake tashi.